Wai me gwamnatocinmu suka taɓa yi wa zumuncin Najeriya da Nijar ta fannin al'adu?

Bakatsine_Magama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, bari in kawo shi nan masu sani su warware mana. An kafa ECOWAS tun 1975 a Legas, yau shekara hamsin da ɗoriya, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice gaba ɗaya. Duk lokacin da aka zauna maganar haɗin kan ƙasashen nan sai ka ji kasuwanci, kuɗin bai-ɗaya, sojoji, layin dogo, amma ba ka jin wani ya ɗaga maganar al'adu da harshe, alhali abin da ya haɗa ni da mutumin Maraɗi ke nan tun kafin a san wata ƙungiya. Ni a ganina da gwamnatocin nan sun yi tsari na gaske a kan al'adu tsakaninsu, wato bukukuwa na haɗin gwiwa, musayar ɗalibai, littattafai iri ɗaya, da rikicin 2023 da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar bai yi zurfin da ya yi ba. Ko kuwa ni ne nake ba abin muhimmancin da bai kai ba? Dan Allah a yi muhawara cikin mutunci.

Dan_Konni85:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai ban ga abin da gwamnati za ta ƙara muna ba. Mu nan Ƙonni da Illela ai gari guda ne, kawuna na can, ɗiyan ƙanwata na can, ranar kasuwa mutane na ƙetarawa kamar ba iyaka. Wace takarda ce ta koya muna haka? Zumunta a ƙafa take. Su dai su bar muna hanya buɗe, shi ke nan abin da muke roƙo.

Hajiya_Maijidda:
Gaskiya Dan_Konni85 ka faɗi rabin magana. Zumuncin yana nan, amma ka tuna 2019 da aka rufe boda daga Agusta har zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ƙanwar mahaifiyata ta rasu a wani ƙauye kusa da Magarya a lokacin rufewa ta biyu, mahaifiyarmu tsohuwa ce ba za ta iya hawa babur ta bi ta daji ba, haka ta zauna a tsakar gida a kan tabarma tana karɓar gaisuwa daga nesa, ta waya aka riƙa sa mata muryoyin 'yan'uwanta tana kuka. To ka ga zumuncin da ba shi da kariya a doka, rana ɗaya wani zai sa hannu a takarda ya datse shi.

Malam_Tsoho_Zariya:
'Ya'yana ku ba ni dama in ɗan koma baya, don ba daidai ba ne a ce ba a taɓa yin komai ba. A 1977 Najeriya ta karɓi bikin al'adu na FESTAC, ƙasashen Afirka da baƙar fata na duniya suka taru a Legas wata guda cur, aka yi babban hawan daba a Kaduna, ina saurayi a lokacin, na tsaya a cikin taron nan tun safe, dawakai da raƙuma da 'yan lifida da masu kakaki har ƙura ta rufe rana. A 1988 kuma Najeriya ta fitar da kundin manufarta ta al'adu. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ofishinta na Yamai. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka da tarihin da ke bakin tsofaffi, tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. A Bamako akwai ACALAN mai kula da harsunan Afirka, kuma Hausa na cikin harsunan da ta ware a matsayin masu ƙetare iyaka. Saboda haka takardu da ofisoshi akwai su. Matsalar ita ce abin ya tsaya a tsakanin manyan malamai da ma'aikata, bai sauko ga makaranta da kasuwa ba. Ku tambayi ɗalibin Hausa a jami'a ko ya taɓa jin sunan CELHTO, za ku sha mamaki.

Bakatsine_Magama:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ni kaina yau na fara jin sunan cibiyar nan. Kuma wannan ne ma abin da nake nufi, an gina abu amma ba a kai wa masu shi ba.

Abdoul_Damagaram:
Ina so in ba ku misalin inda tsarin gwamnati ya yi aiki, kokowa. A Nijar gasar takobi an fara ta 1975 a Tawa zamanin Janar Seyni Kountché, kowace shekara jiha guda ke karɓar baƙunci, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokowarta goma. Lokacin gasar ƙasa duka tsayawa take, mai shago ya kunna rediyo, mai kabu-kabu ya faka, Bazabarme da Bahaushe da Buzu da Babarbare kowa na bin jiharsa, kuma in wani ya yi kaye mai kyau ko ba naka ba ne sai ka tafa masa. Dubi yadda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau da dama, har a Diffa yara sun san sunansa. Wannan ba haka kawai ya faru ba, gwamnati ce ta gina filayen kokowa a manyan garuruwa ta sa kuɗi ta sa doka. Kokowa ta ƙauye ce tun kaka da kakanni, amma hukuma ce ta mai da ita abin haɗa ƙasa. To me zai hana a yi irin wannan tsakanin jihohin bakin iyaka? Maraɗi da Katsina, Tawa da Sakkwato, Damagaram da Jigawa, Dosso da Kebbi.

Sakkwato_Shehu:
@Abdoul_Damagaram wallahi ka yi magana. Mu nan muna kallon takobin a waya kamar namu ne. Kuma ai ECOWAS na da tata gasar kokawa, an sha yin ta a Yamai da Dakar, ana haɗuwa da 'yan Sanagal. Yanzu da Nijar ta fita ban san makomar shigarta ba, abin da ciwo don su ne ke ba gasar armashi.

NanaAisha_Marubuciya:
Ni ta ɓangaren rubutu zan shigo don shi ne sana'ata. Littafin Hausa da aka buga a Kano yana kai wa Maraɗi da Damagaram, amma a buhun ɗan kasuwa yake tafiya, babu wani tsari. Sannan masu karatu a can da yawa lakwal suka yi da Faransanci, karatun Hausar boko da kansu suka koya, wasu ta hanyar littattafanmu na soyayya ma suka iya. An yi taro a Bamako 1966, an sake yi a Yamai 1980 don a daidaita ƙa'idojin rubutu, duk da haka har yau akwai harafin da su suke rubutawa da ƙugiya mu muna sa masa waƙafi a gaba, kamar a kalmar 'ya'ya. Ƙaramin abu ne a ido amma in za a buga littafin firamare guda da zai yi aiki a ƙasashen biyu dole a zauna a kansa. Ni burina in ga an yi gasar rubutu ɗaya da kasuwar baje kolin littafi mai zagayawa, bana a Kano baɗi a Damagaram, ma'aikatun ilimi biyu su saya wa makarantu. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi.

Oumarou_Dosso:
Salam. Ni Bazabarme ne, Hausa a kasuwa da makwabta na koye ta, kuma ina son ta. Amma ku yi hankali da yadda kuke maganar nan, kamar Nijar duka Hausa ce. A 2025 sabon kundin da gwamnati ta fitar ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sauran harsunan aka kira su harsunan da ake magana da su. Na ga 'yan Najeriya da yawa suna murna a Facebook, amma mu a nan akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Barebari, Tubawa, Gurmawa. In haɗin kan da kuke nufi shi ne Hausa ta haɗiye kowa to za a gyara waje a ɓata cikin gida.

Bakatsine_Magama:
Malam Oumarou ka yi gaskiya kuma ba nufina ke nan ba. Iyakar nan ta kai wajen kilomita 1500, daga Kamba har tafkin Chadi. Ta yamma akwai Zabarmawa da Dandawa a Kebbi da Gaya, ta gabas Barebari ne a Borno da Yobe da Diffa, Fulani kuma ko'ina. Kowanne yana da ɗan'uwa a ƙetare.

Oumarou_Dosso:
To madalla, in haka ne muna tare. Kuma bari in ƙara wani abu da Nijar ta yi wanda ya kamata a kwaikwaya, wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu. Hukuma ta ɗauke shi da muhimmanci, ana ware masa lokaci ana bukinsa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, in rigima ta tashi aka gane akwai wasa tsakani sai ta mutu nan take. Na taɓa gani a tasha, direba da fasinja sun kusa dambe a kan kuɗin kaya, wani dattijo ya tambayi kowa asalinsa, da ya ji sai ya ce kai da bawanka kake faɗa? Kowa ya fashe da dariya, fasinjan ya cika kuɗin, direban ma ya rage masa.

Gobir_Tsibiri:
Hakanan ne. Mu Gobirawa a Najeriya da Yarbawa muke wasa, a Nijar da Zabarmawa. Kuma ku tuna masarautarmu ma biyu ta kasu, akwai Tsibiri nan kusa da Maraɗi akwai Sabon Birni can jihar Sakkwato. Sarkin Maraɗi kuwa har gobe Sarkin Katsina ake ce mai, don zuri'ar sarakunan Katsina ne da sunka baro gari bayan jihadi.

Injiniya_KB:
Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Duk wannan magana ce mai daɗi amma mutum da yunwa da tsoro ba ya zuwa biki. Dubban mutanen Sabon Birni da Isa da Jibiya gudun hijira suka yi zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Naira ta faɗi, wanda a da yake zuwa Nijar da kuɗi a aljihu yanzu in ya canza jaka goma sai ya ji jiki. Abin da zai haɗa ƙasashen nan shi ne tsaro da hanya da wuta, misali layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. In jirgi ya fara tafiya al'ada da kanta za ta hau. A gama wannan tukuna sannan a zo maganar kalankuwa.

Hajiya_Maijidda:
Injiniya ba kalankuwa ake nufi ba. Ka tuna Agustan 2023 da ECOWAS ta ce za ta tura soja, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Wa ya iya shiga tsakani? Tawagar farko ta Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ba ta samu ganin Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki a Nijar, a zuwan farko ba, sai ga Sarki Sanusi ya je tare da Sarkin Damagaram an buɗe musu ƙofa, bayansa malaman addini suka je aka saurare su. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, a masallatai aka riƙa alƙunutu. Abin da ya tsayar da harsashi ke nan, sarauta da malanta da auratayya. In wannan ba tsaro ba ne to mene ne tsaro?

Injiniya_KB:
Hajiya na yarda da wannan, amma kin ga ai hujjar Dan_Konni85 kika ƙarfafa. Sarakuna da malamai ba ma'aikatar al'adu ce ta haɗa su ba.

Malam_Tsoho_Zariya:
A nan ne nake ganin ku duka biyu kuna da rabo. Ba gwamnati ce ta ƙirƙiri dangantakar ba, amma ta tuna da ita ne sai da wuta ta kama. Da akwai majalisar sarakunan bakin iyaka da ke zama a kai a kai da sanin hukuma, da rikicin manoma da makiyaya da satar shanu da maganar 'yan gudun hijira duk suna da inda za a fara kai su. Mu kan jira sai abu ya lalace sannan a nemo rawani.

Kannywood_Marketer:
Bari in faɗi namu. Kasuwar finafinan Hausa tun zamanin kaset Nijar na cikin manyan masu saye, kuma akwai jarumai da mawaƙa 'yan asalin Nijar da suka yi suna a Kano. Da sallah mawaƙanmu Yamai da Maraɗi da Agadas suke tafiya wasa. Amma babu wata yarjejeniya da na taɓa cin moriyarta a kan haƙƙin mallaka, fim ɗinka zai fita yau gobe ana tura shi a waya a wata ƙasa kan kuɗi kaɗan kuma ba ka da inda za ka kai ƙara. Sannan tafiya da kayan aiki wahala ce, mun taɓa zuwa ɗaukar wani shiri, a wani shinge aka sauke mana kyamarori da fitilu a ƙasa cikin rana, aka ce sai mun kawo takardar da ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ta, har la'asar muna nan, hasken da muka je nema ya wuce. Dubi Burkina Faso, bikin finafinai na FESPACO tun 1969 suke yi a Wagadugu kuma gwamnati ce ke riƙe da shi, duk Afirka na zuwa. Mu da muke da masana'anta sukutum ba mu da bikin fim ɗaya na ƙasashen da ke jin Hausa wanda hukuma ta tsaya masa.

Ustaz_Abu_Hanifa:
Ni ina da tsoro a kan kalmar al'ada ɗin nan. In gwamnati ta sa hannu yawanci rawa da kiɗa da cakuɗuwar maza da mata ake kawowa a ce shi ne al'ada. Ga musabaƙar Alƙur'ani, ga wa'azin ƙasa da ƙasa da ake yi a Nijar da Ghana da Kamaru, ga masu zuwa Maulidi Kiota da Kaulaha, ga jami'ar Musulunci ta Say da 'yan Najeriya suka yi karatu a cikinta. Waɗannan sun fi kowane biki haɗa mutane, a sa su a lissafi.

NanaAisha_Marubuciya:
Allah gafarta Malam ai ba wanda ya cire su. Rubutun ajami ma da ke cikin tsangayu da gidajen malamai daga Sakkwato har Agadas al'ada ne, kuma yana lalacewa a cikin akwatuna, gara na ci. In ƙasashen biyu za su haɗa kai su ɗauki hotonsu su adana a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa ta intanet, ai kai ma za ka yi murna.

Ustaz_Abu_Hanifa:
Wannan kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari, Allah ya sa a yi.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Kuna ta Najeriya da Nijar kun manta da mu. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi ta Salaga, yau a zango Hausa ce ke haɗa Dagomba da Mosi da Zabarma da Wangara. Amma yaranmu suna magana ba sa iya rubutawa, don ba a koyar da ita a yawancin makarantun da suke zuwa. Ranar Hausa ta duniya da ake yi 26 ga Agusta, wadda matasa suka fara a intanet a 2015, ta yi mana amfani fiye da duk wani taron ministoci, don a ranar ne muke ganin 'yan'uwa daga Sudan da Chadi da Kamaru. Ku turo mana malamai da littattafai, ko da na koyon karatu ne.

Dan_Konni85:
To kun gani, matasa ne sunka fara da wayoyinsu, ba minista ba. Ni har yanzu ina nan kan bakana. Duk abin da gwamnati ta kama sai an kafa kwamiti, a ci kuɗin zama, a watse.

Abdoul_Damagaram:
Ɗan'uwa Dan_Konni85 to kokowar fa da na kawo? Kuma ga wani misalin. A Disamban 2024 UNESCO ta amince da hawan sallar Kano, mun taya murna. Amma hawan sallah ana yin sa a Damagaram da Katsina da Zazzau da sauran masarautu. Yarbawa sun shigar da wasansu na gargajiya na Gelede da sunan ƙasa uku, Benin da Najeriya da Togo. Buzaye sun shigar da gogensu na imzad da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Irin wannan takarda ɗan kasuwa ko ɗan Facebook ba ya iya kai ta, sai gwamnati. Da an haɗa masarautun ƙasashen biyu a takarda ɗaya da dole ma'aikatan su zauna tare, su san juna.

Argungu_Boy:
Bikin kamun kifi na Argungu ma yana cikin jerin UNESCO tun 2016, kuma masunta da 'yan kokawa daga Nijar na zuwa duk lokacin da aka yi. Damuwar ita ce ba kowace shekara ake samun yi ba, ya taɓa yin shekaru a tsaye.

Injiniya_KB:
Saboda tsaro da kuɗi. Kun ga mun dawo kan maganata.

Oumarou_Dosso:
Tambayar da nake so a amsa mini ita ce, yanzu da muke AES, ƙawancen Sahel na Nijar da Mali da Burkina Faso, ku kuna CEDEAO, wato ECOWAS, ta wace ƙofa za a bi? Mu hankalin hukumominmu ya koma Bamako da Wagadugu, har fasfo na AES an fito da shi. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunmu da barin zirga-zirga kafin a gama tattaunawa, amma wannan na wucin gadi ne.

Malam_Tsoho_Zariya:
Ɗana Oumarou, hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971 ta girmi ECOWAS, tsakanin ƙasa biyu ce kawai, fitar Nijar daga ƙungiya bai shafe ta ba. Sannan gwamnonin jihohin iyaka da jami'o'i suna iya fara nasu. Jami'ar Abdou Moumouni da Bayero da Usmanu Danfodiyo da ta Damagaram su riƙa musayar ɗalibai ko na zango ɗaya ne, namu su koyo Faransanci nasu su koyi Ingilishi. Da yawan 'ya'yanmu ai sun yi karatu a jami'a mai zaman kanta a Maraɗi, hanya a buɗe take.

Bakatsine_Magama:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma @Dan_Konni85 ina so ka amsa mini abu ɗaya, in an bar hanya buɗe kamar yadda ka ce, wa zai biya kuɗin buga littafin da NanaAisha ke magana, ko malaman da mutanen Kumasi ke nema?

Dan_Konni85:
Attajiranmu mana. Alhazan Maraɗi da na Kano in sunka ga dama wata guda sun gama shi. Ni na fi yarda da a je a same su da a jira kasafin kuɗi.

Hajiya_Maijidda:
A je a same su ɗin, ban ƙi ba, amma attajiri ba ya sa littafi cikin manhajar makaranta kuma ba ya hana a rufe boda. NanaAisha in kin samu lokaci ki turo mana sunayen ƙungiyoyin marubuta na ɓangaren Nijar da kika sani, akwai wata malama a makarantarmu da ke son ta haɗa ɗalibanta da nasu su riƙa musayar gajerun labarai.

NanaAisha_Marubuciya:
To Hajiya, zan tuntuɓe su tukuna in ji ko sun amince, sai in turo miki ta akwatin saƙo in sha Allah.